Yadda Ɗan Koyo Zai Zaɓi Gaɓar da Zai Fara Hawan Igiyar Teku a Lokacin Hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ya rufe Kano da Damagaram, arewacin tekun Atlantika yana kan ganiyar ƙarfinsa. Manyan guguwa suna tashi can tsakanin Kanada da arewacin Turai, su turo igiyoyin ruwa su yi tafiyar dubban kilomita kafin su fashe a gaɓar Fotugal da Maroko da Senegal. Shi ya sa gwanayen hawan igiya, wato wasan tsayuwa a kan allo igiyar ruwa tana tura shi, suke jiran wannan lokaci duk shekara. A Nazare ta ƙasar Fotugal aka hau igiya mai tsayin mita 26.21 a watan Oktoba na 2020, kuma irin waɗannan hotuna su ne suke sa mutum ya fara sha'awar wasan. Amma abin da ya sa wuri ya yi suna wajen gwanaye, shi ne abin da ya sa bai dace da ɗan koyo ba. Kai da za ka fara, wurin da kake nema shi ne inda wani abu ya rage wa ruwan ƙarfi kafin ya iso gare ka: hancin ƙasa da ya tare shi, ko tsibiri a gabansa, ko shimfiɗaɗɗen yashi da yake cinye ƙarfinsa sannu a hankali. Duk sauran bayanin da ke tafe hanya ce ta gane irin wannan wuri tun kana gida, kafin ka biya kuɗin jirgi.

Kafin a je ga batun wuri, akwai sharaɗin iyo. Makarantu da yawa suna karɓar wanda zai iya iyon mita 50 ba tsayawa. Wannan ya yi kaɗan. Ka kai matsayin da za ka yi mita 200 a kwamin iyo ba ka taɓa bango don hutu ba, kuma ka iya tsayuwa a ruwan da ƙafarka ba ta taɓa ƙasa na minti biyar. Wanda ya saba da kogi ko dam ya san ruwa, amma bai san ruwan gishirin da yake ɗaga mutum ya juya shi ya cika masa hanci ba. In ba ka kai wannan matsayi ba, ka ɗauki makonni shida kana zuwa iyo sau uku a mako kafin tafiya. Allon da za a ba ka yana yawo a kan ruwa, amma maɗaurin da ya haɗa shi da ƙafarka yana iya tsinkewa, kuma a ranar da ya tsinke iyonka ne kaɗai ya rage maka.

Fara da abin da ke ƙarƙashin ruwan

Igiya tana fashewa ne idan ta iso inda zurfin ruwa ya ragu zuwa kimanin tsayinta da sulusi. Saboda haka siffar ƙasan teku ita ce take yanke yadda za ta fashe. Iri uku ne: mai fashewa a kan yashi, mai fashewa a kan dutse ko murjani, da mai bin gefen hancin ƙasa tana fashewa a jere. Ɗan koyo yashi yake so, ba wani zaɓi. A makon farko za ka faɗi fiye da yadda za ka tsaya, kuma faɗuwa a kan dutse tana nufin yankan ƙafa, ko ƙayar bushiyar teku da take karyewa a cikin tafin ƙafa ta hana ka taka ƙasa har hutunka ya ƙare.

To amma ba kowane yashi ba. Nan ne mutane suka fi ruɗuwa, domin talla takan ce "bakin teku mai yashi" a tsaya nan. Abin dubawa shi ne gangaren. Inda yashi ya gangara a hankali, igiya takan fara farfashewa daga samanta tun tana nesa, ta zama farar kumfa mai gudu a miƙe har mita hamsin ko ɗari. A kan wannan kumfa ake koyon tsayuwa. Inda kuwa yashi ya yi tsaye, igiyar ba ta jin ƙasa sai ta zo dab da gaɓa, sai ta miƙe gaba ɗaya ta kife a kan ruwan da bai wuce gwiwa ba. Irin wannan ce take karya ƙashin wuya da na kafaɗa, kuma gaɓar Afirka ta Yamma cike take da ita, har da dogayen sassa na bakin tekun Legas da Kwatano da Lome. Ka tuna cewa ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare nauyinsa tan guda ne. Ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ana iya gane gangare daga nesa. Buɗe hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps ka dubi bakin ruwan. In ka ga farar kumfa layi-layi, uku ko huɗu, ta yi faɗi, gangaren mai sauƙi ne. In siririn farin layi ɗaya ne manne da yashi, bayansa kuma ruwa ya yi duhu nan take, ka nemi wani wuri. Idan ka isa kuma, gwajin ƙafa ya fi komai: shiga a hankali lokacin da ruwa ya janye. In ka yi taku talatin ruwa bai wuce ƙugunka ba, ka samu. In taku biyar ya kai maka ƙirji, fita.

Daga nan sai ka dubi inda gaɓar ta fuskanta. A hunturu igiyar Atlantika daga arewa maso yamma take zuwa. Gaɓar da ta kalli wannan kusurwa kai tsaye tana shan dukan gaba ɗaya. Wadda ta ɓuya a bayan hancin ƙasa, tana kallon kudu ko kudu maso yamma, sai igiyar ta lanƙwasa ta zagayo kafin ta shigo, kuma a wannan lanƙwasa take zubar da ƙarfi mai yawa. Mafi kyawun masauki shi ne garin da yake da gaɓa biyu ko uku masu kallon kusurwa daban-daban a cikin tafiyar rabin awa. Ranar da teku ta kumbura a koma maɓoya, ranar da ta kwanta a fita buɗaɗɗen wuri. Wanda ya kama ɗaki a inda gaɓa ɗaya ce tak, yana iya yin kwana huɗu cikin bakwai yana kallon ruwa daga tudu.

Karanta hasashen teku

Shafukan Surfline da Windy da Windguru suna ba da hasashen kusan kowace sananniyar gaɓa. Ba sai ka jira ranar tafiya ba. Ka fara duba wurin da kake tunani kullum na tsawon makonni biyu ko uku, ka riƙa rubuta lambobin, za ka ga halinsa. Lambobi huɗu ne suke da amfani.

Na farko tsayi. Abin da kake so a wurin fashewa shi ne daga gwiwa zuwa ƙugu, wato rabin mita zuwa mita ɗaya. Kada ka raina bambancin mita ɗaya da mita biyu, domin idan tsayi ya ninka sau biyu ƙarfi yana ninkawa sau huɗu ne.

Na biyu tazara, wato daƙiƙoƙin da ke tsakanin wata igiya da mai bin ta. Ita ce lambar da ke ɗauke da harafin s, kuma ita ce 'yan koyo suke tsallakewa alhali ta fi tsayin muhimmanci. Igiya mai tazarar daƙiƙa 8 tsawonta a cikin zurfin teku kimanin mita 100 ne. Mai tazarar daƙiƙa 15 tsawonta ya kai mita 350, tana gudu kusan ninki biyu, kuma tana motsa ruwa har can ƙasa. Idan ta iso tudu sai ta tattara duk wannan ruwa ta miƙe. Shi ya sa hasashe zai ce mita ɗaya, ka je ka tarar da bango ya fi tsayinka: tazarar ce ta kai 15 ko 16. Irin wannan igiya kuma a rukuni take zuwa. Teku takan yi lif na minti goma kamar babu komai, sannan huɗu ko biyar manya su biyo juna. Ga ɗan koyo, tazarar 8 zuwa 12 ita ce daidai. Ƙasa da 7 kuwa hargitsin iskar kusa ce, ba tsari, ba ƙarfin da zai tura allo.

Na uku kusurwar da igiyar ta fito, wadda za ka gwada da inda gaɓarka ta kalla, kamar yadda aka faɗa. Na huɗu iska. Iskar da ta taso daga tudu zuwa teku tana gyara fuskar igiya ta yi santsi. Wadda ta taso daga teku zuwa tudu tana rugurguza ta. Amma ƙarfin ya fi kusurwar muhimmanci a wajenka: ƙasa da kilomita 15 a awa, ko daga ina ta fito, za ka iya koyo. Iskar tudu mai ƙarfi tana da haɗarin da ba a cika faɗa ba, domin babban allon ɗan koyo yana kama iska, sai ta riƙa tura shi ciki yana ganin gaɓa tana nisa. Wasu shafukan suna rubuta ƙarfin iska da ma'aunin jiragen ruwa mai alamar kts. Ɗaya daidai yake da kilomita 1.85 a awa.

A yawancin ƙasashe masu zafi safiya ce lokacin shiga. Da rana ta ɗaga, ƙasa takan yi zafi fiye da ruwa, iskar da ke kanta ta tashi sama, ta teku ta kwararo ta maye gurbinta. Zuwa azahar ruwan ya hargitse. Saboda haka masauki mai nisan awa guda daga gaɓa asara ne, ko da ya fi araha.

Cika da janyewa, da ruwan da ke ja ciki

Teku tana cika sau biyu ta janye sau biyu a kusan kowane yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50 kullum. Wanda yake bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, da kwana ɗaya ko biyu bayansu. A Maroko bambancin cika da janyewa yakan wuce mita biyu a irin waɗannan ranaku, har gaɓa ɗaya ta zama wuri biyu daban a yini guda: da safe shimfiɗaɗɗen yashi, da rana ruwa yana dukan duwatsu. A Siri Lanka bambancin bai kai mita ɗaya ba, ba a cika damuwa da shi ba. Ka tambayi makaranta a wane matakin ruwa gaɓarsu take aiki, sannan ka duba jadawalin makon da za ka je. In matakin ya faɗo da sassafe a ranakunka, ka dace da iska da ruwa gaba ɗaya.

Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, kuma yakan tattaru ya bi wani kwari a cikin yashi ya fita da gudu. Wannan magudana ita ce ta fi kashe mutane a bakin teku. Gudunta yakan kai rabin mita a daƙiƙa, wani lokaci har ya wuce mita biyu, abin da ko gwanin gasar iyo ba zai iya tunkara ba. Muguntarta ita ce kamanninta: wuri ne da ya yi shiru a tsakanin farar kumfa, ruwansa ya fi duhu ko ya yi jaja-jaja da yashi, igiya ba ta fashewa a cikinsa. Baƙo yakan ga nan ne ya fi kwanciyar hankali ya nufe shi. Ana yawan samunta a gefen duwatsu, da jikin katangar tashar jiragen ruwa, da bakin kogi, kuma ta fi ƙarfi lokacin da ruwa yake janyewa. In ta kama ka, kada ka sauka daga allo, kada ka yi kokawar komawa ta inda ka fito. Ka tuƙa da hannu ka bi gefe, a jere da gaɓa, har ka shiga inda kumfa take, ita za ta mayar da kai. In ka gaji, ɗaga hannu ɗaya sama ka riƙa kaɗawa.

Wannan ne ya sa kasancewar masu ceto yake cikin sharuɗɗan zaɓe. Inda ake bin tsarin tuta na duniya, ja da rawaya wurin masu iyo ne, mai ɗigon baƙi da fari kamar dara wurin masu allo ne, ja zalla kuma kada a shiga. A gaɓoɓin Afirka da yawa babu masu ceto, ko kuma suna aiki ne a lokacin zafi kawai. A irin wannan wuri malaminka shi ne mai cetonka, kada ka shiga ba shi.

Wuraren da suka cancanci a duba

Mashigin tekun Gini yana da wata falala da ba a cika lura da ita ba. Gaɓar Ghana da ta Najeriya kudu suke kallo, guguwar arewa ba ta isa gare su. Manyan igiyoyinsu daga kudancin Atlantika suke zuwa, daga Afrilu zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris sai ruwan ya ragu, kuma iskar hunturun nan da take busar mana da leɓe, idan ta kai can daga tudu take fita teku, ta gyara fuskar ruwa da safe. Ɗumin ruwa yana kusan digiri 27 zuwa 28, ba a buƙatar rigar roba mai hana sanyin ruwa. Ga wanda bai taɓa hawa ba, a ganina nan ne ya fi dacewa da makon farko.

Busua, ƙauyen masunta da ke kimanin kilomita 30 yamma da Takoradi, shi ne zaɓin farko a wannan yanki: doguwar gaɓa mai yashi, gangare mai sauƙi, ɗan tsibiri a gabanta, da makarantu a bakin ruwa. Kokrobite ta fi kusa da Akara amma akwai duwatsu a wasu sassanta, sai da ɗan gari. Mai fasfon Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Ghana, amma za a nemi katin rigakafin shawara. A Legas akwai Tarkwa Bay, wadda ake zuwa da kwalekwale mai inji, tana ɓoye a bayan katangar duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa. A ranar da ruwa ya kwanta, cikin lungun yana da kyau ga ɗan koyo. Kada ka matsa jikin duwatsun, inda igiya take bugawa ta dawo ta haɗu da 'yar'uwarta, kuma kada ka zagaya buɗaɗɗiyar gaɓar da ke wajen hasumiyar fitila, domin can ruwan na gwanaye ne. Aibin wannan yanki shi ne wasu ranakun ruwan yakan kwanta ƙwarai. Ga mai babban allo wannan ba matsala ba ce sosai, igiyar gwiwa ma tana tura shi.

Dakar tana kan wani dogon hanci da ya shiga teku, tana da fuskar arewa da ta kudu, wato tana da irin zaɓin da aka ambata. Gaɓar Yoff doguwar yashi ce, a nan makarantu suke koyar da sababbi. Sai dai arewa take kallo, tana karɓar igiyar hunturu kai tsaye, kuma iskar arewa da take kaɗawa a wannan lokaci takan hargitsa ta da rana, ga magudanai. Fuskar kudu, wajen Almadies, ta fi samun kariya daga iska amma yawancinta dutse ne da bushiyar teku. Igiyar tsibirin Ngor da ta Ouakam, waɗanda suka ɗaukaka sunan garin, ba naka ba ne a bana. Abin da yake ba baƙi mamaki a Dakar shi ne sanyin ruwa. Daga Janairu zuwa Maris iska tana kore ruwan da ke saman teku, na ƙasa mai sanyi ya taso, ɗumin ya sauka zuwa wajen digiri 20 ko ƙasa da haka. Sai da rigar roba. Nan ma ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza.

Maroko ita ce ta fi kowa tsari. Taghazout tana kimanin kilomita 20 arewa da Agadir, kuma ita da maƙwabtanta Tamraght da Aourir sun cika da makarantu masu haɗa masauki da abinci da mota da darasi. Amfanin motar shi ne kowace safiya malami yana duba ruwa ya kai ɗalibai inda ya dace: Panorama, ko Crocro, ko gaɓar Banana, ko Anza idan ruwa ya yi ƙanƙanta. Anchor Point, wadda hotonta yake kan kowace talla, dutse ce mai jan ruwa, ta gwanaye. Imsouane, tafiyar kimanin awa ɗaya da rabi zuwa arewa, tana da lungun da igiya take tafiya a hankali na ɗaruruwan mita. Wuri ne mai kyau ga wanda ya riga ya iya tsayuwa yana son fara bin igiyar da ba ta fashe ba, amma cunkosonsa yana da yawa. A Disamba da Janairu akan samu ranakun da ko maɓoyar ma ta fi ƙarfin ɗan koyo, don haka Nuwamba ko Maris sun fi sauƙi. Ruwan yana tsakanin digiri 16 da 18, safiya tana da sanyi sosai, rana kuma ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas a tsakiyar hunturu. Bayan ruwan sama mai yawa, a bar shiga na kwana biyu ko uku, musamman kusa da bakin kwari, domin ƙazantar gari duk teku take gangarawa, kuma ciwon ciki da na kunne daga nan suke. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi biza.

Wanda yake da halin tafiya mai nisa, Weligama a kudancin Siri Lanka faffaɗan lungu ne mai yashi da ruwan ɗumi, lokacinsa Nuwamba zuwa Afrilu. A kula kada a rikita shi da Arugam Bay da ke gabashin ƙasar, wadda lokacinta Mayu zuwa Satumba ne. Matsalar Weligama yawan jama'a: allunan 'yan koyo suna karo da juna. Bizarta kuma tana son a fara nema da wuri.

A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu, yana kuma matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, saboda haka zai daɗe yana cikin wannan lokaci. A duba kalanda kafin a sayi tikiti. Awa biyu a cikin ruwan gishiri aiki ne mai sa ƙishirwa, kuma ɗan koyo ba ya rasa haɗiyar ruwa.

Makaranta, allo da riga

Kafin ka biya kowace makaranta, aika musu da tambayoyi a rubuce. Ɗalibai nawa ne ga malami ɗaya? Takwas shi ne iyaka, huɗu zuwa shida ya fi. Malaman suna da shaidar koyarwa ta ISA, ƙungiyar hawan igiya ta duniya, ko ta hukumar wasan ta ƙasarsu, da horon ceto? Malami yana shiga ruwa tare da ɗalibai, ko daga tudu yake ihu? Ina suke kai mutane idan ruwa ya yi girma? Ana raba sababbi da waɗanda suka ɗan iya? Wa zai biya idan allo ya karye? Asibiti mafi kusa minti nawa ne? Makarantar da ta ce gaɓarta tana da kyau kullum, a kowane yanayi, ba ta faɗi gaskiya ba, kuma wannan amsar kaɗai ta isa ka canza.

Allon farko mai laushin baya ne, na soso, tsawon ƙafa 8 zuwa 9. Ana rubuta girman cikinsa da lita a jikinsa, kuma ƙa'ida mai sauƙi ita ce lita ɗaya ga kowane kilo na nauyinka ko fiye: mai kilo 80 ya nemi lita 80 zuwa sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne karɓar gajeren allo don ya fi kyan gani. Gajere yana nutsewa ƙarƙashin ƙirji, ba ya gudu, igiya ta wuce ta bar ka, kafaɗa ta mutu cikin minti ashirin. Maɗaurin ƙafa ya kai tsawon allon, a ɗaura shi a ƙafar baya, kuma ka duba shi da kanka kowace safiya, musamman igiyar da ta haɗa shi da allon da kuma mannen da yake kama idon sawu. Kada ka sayi allo don wannan tafiya. Haya ta fi, kuma kuɗin ɗaukarsa a jirgi yana da yawa.

Rigar roba ana auna ta da kauri. Mai lamba 3/2 tana da milimita 3 a jiki da 2 a hannu da ƙafa, ta isa ruwan digiri 17 zuwa 20. Wanda ya taso a ƙasar zafi ya nemi 4/3 a Maroko, domin sanyi yana kama shi da wuri, kuma jikin da yake rawar ɗari ba ya koyon komai. Dole ta kama jiki tsam. In ta yi yawa, ruwa yana shiga yana fita, ɗumin da jiki ya tara ya tafi. A ruwan ɗumi, riga mai dogon hannu ta iyo ta wadatar, tana hana allo goge ƙirji da ciki. Mata masu son cikakkiyar sutura suna iya sa dogon wando da riga na iyo da ɗankwalin iyo mai kama kai, ko su ɗora rigar iyo mai ɗan tsawo a kan ta roba. Abin gudu shi ne yadi mai faɗi ko auduga, domin yana shan ruwa ya yi nauyi ya naɗe ƙafa. A Taghazout da Dakar ana samun mata masu koyarwa, a tambaya tun kafin a je.

Kwana bakwai zuwa goma shi ne tsawon da ya dace. Darasi ɗaya awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne, kuma biyu a yini sun isa. A rana ta uku kafaɗu da haƙarƙari sukan yi tsami, a nan ne ake yawan jin rauni saboda gajiya, don haka a sa ranar hutu a tsakiya.

Duk safiyar da ka isa bakin ruwa, tsaya a tudu minti goma sha biyar kafin ka jiƙa ƙafa, don ka ga rukunin manyan igiyoyi aƙalla sau biyu. Nemo inda magudana take. Dubi inda sauran 'yan koyo suke da inda gwanaye suke, ka bar tazara tsakaninka da kowa wadda ta kai tsawon allonka da maɗaurinsa sau biyu. Zaɓi wata alama a tudu, bishiya ko gini, ka riƙa waiwayenta, domin ruwa yana jan mutum gefe ba tare da ya sani ba. In ka gota ta da mita hamsin, fito ka dawo da ƙafa. Wajen shiga, riƙe allo a gefenka, hancinsa yana kallon teku, kada ka taɓa sa shi a tsakaninka da igiya, in ba haka ba ta maka maka shi a fuska. Ja ƙafa a kan yashi maimakon ɗaga ta, don kifin da yake kwance a ciki ya gudu kafin ka taka shi. In za ka faɗi, faɗi a shimfiɗe ta baya ko ta gefe, ba da kai ba, ka rufe kai da hannu biyu har sai ka fito ka ga inda allon yake. Wanda ya fi kusa da inda igiya ta fara fashewa shi ke da ita, kada ka shiga gabansa. In kuma ka tsaya a tudu ka ga masunta sun ja jiragensu sama, malamai suna tattara ɗalibai, ko farar kumfar da kanta ta fi ƙirjinka, wannan ranar ta tafiya maɓoya ce ko ta hutu, ko da ka riga ka biya kuɗin darasin.